Tsirkiya ta Bakwai

Ina buɗe kwalin na san an yi ɓarna. Mikro biyu ne baƙaƙe, sababbi ful, irin waɗanda ake dasawa a ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar lantarki su ɗauki sauti su kai ampli, akwatin da ke ƙara sautin. Na auna su da yatsa. Na gita mai tsirkiya shida ne, ta Kalla kuwa bakwai gare ta.

"Sun iso?" in ji shi daga kan tabarma, da ƙarfi, yadda yake magana tun da kunnensa ya tafi. "Saminu, su na?"

Na gyaɗa masa kai.

Ni mai gyaran rediyo ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Dakoro shekara goma sha ɗaya. Kalla makaɗin biki ne, daga Birnin Lalle har Tagriss ana kiransa. A Agadas ya samo gitar, kuma don tsirkiyar nan ta bakwai ya saye ta, mai kauri kamar wayar birkin keke. Sau nawa na buga masa katanga don ta hana ni barcin rana, ban san iyaka ba.

Sai tarin huhu ya kama shi. Allurar da ya sha wata da watanni ta tafi da jinsa, tarin kuma ya zauna daram. Kalla bai yarda kunnensa ne ba, ya ɗora wa gita laifi. Wai sautinta ya yi shara-shara, mikro masu nauyi take so. Ya sa wuƙa ya ɓanɓare tsofaffin har zaren tagullarsu ya tsittsinke, ya aiki Zakiru direba Kano da hoto a salula. Wata biyu muna jira. Wanda ya sayar bai ƙirga tsirkiya ba, Zakiru ma haka.

Abin da yake so ɗaya ne. 'Yarsa Ramla za ta yi aure da kaka, ya tsara mata kiɗa, kuma ya san ba da shi za a yi ba. Yana so a ɗauka a salula, a sa ran biki. Lokotoron asibiti ya riga ya ce wa matarsa Haula ta mai da shi gida. Wani wata biyun babu shi.

Na zauna a gindin bedi na narka dalma. Na ɗaure mikron, suka rufe tsirkiya shida, ta bakwai ta tsaya a waje. Gibin na toshe da guntun baƙar roba don kada ya gani. A aikina ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Malam Saminu, lahiya dai?" Haula ta tambaya, ta aje mini ruwa. "Na ga ka yi zugum."

"Hayaƙin dalma na," na ce.

Muka tada shi, muka jingina shi da bango. Gitar ta fi ƙarfinsa, sai da Haula ta tallafe mata wuya. Ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a jikinta, ya ja tsirkiya ta bakwai da babban yatsa. Girgizar ta bi katako ta shiga ƙashinsa. A ampli kuwa ba abin da ya fito.

Fuskarsa ta washe. "Kun jiya? Wanga shi na sauti. Ya yi nauyi, Saminu?"

Haula ta dube ni. Ita kunnenta garau yake.

Na ɗaga masa babban yatsa. Na kunna salula.

Minti huɗu ya yi yana kaɗawa, gumi yana ɗiga a kan tsirkiyoyin. Da ya gama ya yi tari mai tsawo, ya ce, "A sa shi da ƙarhi, har mutanen Ɗan Gulbi su jiya." Haula ta shige ɗaki.

Kwana takwas bayan nan, ran Talata da hantsi, ya cika. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ba nauyi ko kaɗan.

Bayan sadakar uku Ramla ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida kusa da uwarta, an naɗe tabarmin 'yan gaisuwa an jingine.

"Baba Saminu, an ce akwai saƙona wurinka."

Na miƙa mata salular. Kiɗan ya tashi tsaf, siraran tsirkiyoyi suna gudu, sai ya yanke. Ya dawo, ya sake yankewa. Duk inda Kalla ya sauka kan ta bakwai, shiru ne, kuma rabin kiɗan a kanta ya gina shi.

"Ta lalace ne?" in ji Ramla.

Ta ƙure ƙarar, ta kara salular a kunne. A cikin kowane gibi ana jin farcensa yana taɓa waya, ƙas, ƙas, da numfashinsa yana fita da ƙyar. Ta sa ɗayan hannun ta toshe ɗaya kunnen.