Tankaɗe a Bayan Rumbu

Habsu ta dafa bangon ɗaki ta tsaya, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ta tofar da kaki, ta kalle shi, ƙyamar kanta ta kama ta, ta sa ƙafa ta rufe shi da ƙasa. Ko rabin tsakar gida ba ta kai ba.

Ma'aikacin asibiti a Bukkuyum bai ɓoye mata komai ba. Ƙurar dutsen zinaren da ta yi ta dakawa a shekarun baya ta riga ta ci huhun, ba ya komawa. Amma in tana son ta jima, to ta riƙa takawa kullum, ko a cikin gida ne, don kwanciya ce za ta ƙarasa ta. Ita kuwa tana son ta jima saboda 'yarta Hawwa'u. Yarinyar kaɗai ta rage mata tun shekarar da gubar dalmar da ke cikin dutsen ta kwashe yaran ƙauyensu Yargalma, har da ƙannen Hawwa'un biyu.

Mijinta Makau ya ƙi zancen ƙememe. Ya sayo katifa, ya rataya labule mai kauri, ko buta ta ɗaga sai ya yi faɗa. "Kwanta ki huta, Habsu. Mi likita yas sani?" Mata masu zuwa dubiya bakinsu har ya gaji da yabonsa, wai irin wannan miji sai an tona. Ita dai abin da ta sani, ƙafafunta sun koma kamar na aro, kuma warin gwangwanin kaki a ɗakin nan ya ishe ta.

Yau kasuwar Bukkuyum ke ci, Makau ya hau kabu-kabu tun da hantsi. Shi ya sa ta fito.

Ta saki bango ta kama turmi, daga turmi ta kama igiyar shanya, tana haki. Ta ƙudura sai ta taɓa rumbu kafin ta juyo. Da ta matsa, sai ga sabuwar zana an kafa daga rumbun zuwa katanga, wadda ba ta san da ita ba. A bayan zanar wani ke tari, busasshen tari, irin wanda ita ma ta fara da shi.

Ta ture zanar.

Hawwa'u ce zaune, ta yi fari fat har girar ido, tana tankaɗe garin dutse. Buhuna jingine da katanga. Rariyar da ke hannunta ma ta tuwon gidan ce. Kuma a ina? A kan ƙasar da aka kwaso daga daji aka zuba musu bayan an kankare mai gubar, lokacin da Makau ya rantse gaban mai gari cewa dutse ba zai ƙara shiga gidansa ba.

"Wa yas sa ki wanga aiki?"

"Baba, Inna. Yac ce kar in hwaɗa miki, ciwonki na iya tashi."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka kawo katihwa."

Habsu ta waiwaya ta kalli ƙofar ɗakinta. Ashe duk lallashin nan labule ne kawai. Tir da wannan tausayi! Ta dubi buhunan, ko gusar da ɗaya ba za ta iya ba. Gidan mai gari kuwa, numfashinta ba zai kai ta ko zaure ba. In kuma aka bar aikin a haka, ta san yana dawowa zai sake zaunar da yarinyar.

"Tashi," ta ce. "Tahi gidan Gwaggo Lubabatu ki yi wanka da sabulu. Kar ki komo sai ni da kaina na aiko."

"Baba hwa?"

"Ba ni rariyar."

Da yarinyar ta fita, Habsu ta sulale ta zauna. Huhunta dai ya riga ya tafi, ƙura ba ta da sauran abin ci a nan. Ta ɗebi gari ta fara kaɗawa, tana yi tana tari.

A haka Makau ya same ta da la'asar, ledar lemo a hannunsa. Ta ɗago fuska fara da ƙura ta zuba masa ido. So take ta ga kunya, ko 'yar kaɗan, a fuskar nan.

Ya jima yana kallonta, ya kalli tarin garin da ta tankaɗe. Sai ya ajiye ledar.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe sauƙi ya samu."

Ya jawo wani buhun kusa da ita, ya kwance mata bakinsa.