Tukuici a Bakin Ƙofarmu

Mijina Sabri bai iya zama ba in ana cin abinci. Tun yana saurayi yake kai wa mutane kifi a tebur, a wani gidan abinci da ke bakin teku a unguwar Bahari, nan Iskandariyya, har tsayuwar ta bi masa jiki. Ko a gida, in na ajiye farantin wake da safe, sai a gan shi tsaye a kanmu, hannu ɗaya a baya, yana duba kofin wa ya yi ƙasa. Na yi faɗan har na gaji.

"Abu Rihab, don girman Allah ka zauna. Ba mai biyanka a nan."

Sai ya yi dariya, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a kira shi.

Albashinsa kuwa kada ma a yi zancensa, ba ya kai mu tsakiyar wata. Kuɗin hidimar nan da ake rubutawa a ƙasan takardar biya, mutane su ɗauka na masu kai abinci ne, aljihun mai gidan abincin yake faɗawa. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne tukuici. Mutumin kirki kuma ba ya yar da shi a kan tebur tsakanin ƙayoyin kifi. Yakan ninke takardar kuɗin huɗu, ya ɓoye a tafinsa, in zai fita ya ba ka hannu. Kai kuma ka karɓa ba tare da ka duba ba, ka zura a aljihu, ka yi masa addu'a. Sabri ya ƙware a wannan. Ko kana tsaye kusa da shi, da wuya ka ga lokacin da kuɗin ya sauya hannu.

Saboda haka duk kuɗin da ya shigo gidanmu yana da tabon ninki. Mai kanti ya san kuɗinmu, mai burodi ma ya sani. Rihab, 'yarmu tilo, tun tana sakandare ta tsani ninkin nan. In za ta kai kuɗin darasi sai ta jona dutsen guga ta goge takardun ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonta ban taɓa tanka mata ba, uban kuma yakan yi kamar bai gani ba. Da kuɗin nan masu tabo ta yi karatun haɗa magunguna har ta gama.

A jami'ar ta haɗu da Hazim. Yaro mai hankali, ba ni da abin cewa a kansa. Sai da magana ta yi nisa muka gano ɗan wane ne: ɗan Hajj Diyab mai sayar da katako, mutumin da duk ranar Alhamis yake zuwa cin kifi, kuma ba ya zama sai a teburin Sabri. Shekara da shekaru ana haka. Tukuicinsa ya fi na kowa kauri. A gidanmu ranar Juma'a muke cin nama, kuma saboda shi ne.

Da na ji, na ce shi kenan, magana ta mutu. Amma Hajj ya ba ni mamaki. Ya ce wa ɗansa ya san Sabri fiye da yadda ya san wasu 'yan'uwansa, kuma mutumin da bai taɓa kawo masa kifin jiya ba, 'yarsa ba za ta cuci kowa ba. Aka sa ranar da za su zo gidanmu a karanta Fatiha.

Ana gobe za su zo, Rihab ta tsare uban a falo.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Gobe kai ne mai gida. Kada ka ɗauki tire, kada ka zuba wa kowa ruwa, kada ka ce wa kowa basha ko ranka ya daɗe. Ka zauna a zo a same ka."

"An gama, likita."

"Ba wasa nake yi ba, Baba. Ina so su ga ubana, ba mai kawo musu kifi ba."

Maganar ta soke shi, na gani, amma ya shanye. Har gwaji muka sa shi ya yi. Muka zaunar da shi a babbar kujera, na ɗora masa ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ce ya jingina. Ya jingina kamar wanda za a cire wa haƙori. Muka yi ta dariya mu uku, har Rihab ta riƙe ciki. Ban san za mu daɗe ba mu sake irin dariyar nan ba.

Bayan la'asar suka hawo benenmu, Hajj da matarsa da Hazim, ɗauke da kwalayen alewa. Wallahi Sabri ya yi ƙoƙari. Ya tarbe su, ya koma kujerarsa ya zauna. Hajj ya kira shi Abu Rihab, shi kuma ya kira shi Abu Hazim, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Da na fito da tiren jan sharbat, abin shan biki, na ga gwiwarsa ta motsa zai tashi, na watsa masa harara, ya koma. Matar Hajj ta ƙare wa labulenmu kallo, amma bakinta bai faɗi komai ba sai alheri. Aka nemi auren, Sabri ya ce ya bayar, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka amsa ta taga. Rihab tana kallon ubanta da wani irin ido da ban taɓa gani ba. Ranar ya cika mata ido.

Sai aka zo sallama.

Muna tsaye duka a bakin ƙofa. Hajj yana ba Hazim labarin wani abu, yana dariya, hankalinsa ba ya kan hannunsa. Hannun ya shiga aljihun riga, ya fito a dunƙule, ya miƙa wa Sabri kamar yadda yake yi kowace Alhamis. Hannun Sabri ya tare shi a hanya. Yatsunsa suka zare takardar, suka zura a aljihun sabuwar kwat ɗin da muka ɗinka masa don wannan rana, kafaɗarsa ta ɗan ranƙwafa, bakinsa ya ce:

"Allah ya ƙara buɗi, ya basha. Ka haskaka mana wuri."

Da a gidan abinci ne, da ba wanda zai lura. Amma nan ƙofar gidanmu ce, wuri ƙarami, kuma kowa idonsa yana kan surukan biyu.

Dariyar Hajj ta tsaya a rabi. Ya dubi tafinsa kamar ba nasa ba, fuskarsa ta yi jawur har kunne. Sabri ya daskare, hannunsa yana cikin aljihu, ya kasa fito da shi, ya kasa barinsa. Hazim ya sunkuyar da kai. Matar Hajj ta ce, "To, sai anjima, Allah ya sanya alheri," ta ja mijinta suka sauka. Ni kam da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na rufe ƙofa. Rihab tana tsaye da rigarta mai ruwan hoda, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Nawa ya ba ka, Baba?"

"Rihab!" in ji ni.

"A'a, Mama, ina so in sani. Nawa ne tukuicin wanda ya kawo masa amarya?"

Sabri ya ciro takardar ya ajiye a kan firji. Fam ɗari biyu ce, a ninke huɗu.

Rihab ta ce ba za ta shiga gidan da ake danƙa wa ubanta kuɗi a bakin ƙofa ba. Ta ce duk ranar da ta zauna cin abinci da su, abin da za su tuna kenan, ita ma shi za ta tuna. Ta shige ɗakinta. Daga ranar ta daina cin abinci tare da mu, ta daina ɗaukar wayar Hazim, in ta haɗu da uban a hanyar banɗaki sai ta kalli bango.

Takardar ta zauna a kan firji ba mai taɓawa. Ya za a yi da ita? Ba a mayar wa mutum tukuici, mayarwar zagi ce, kamar ka ce masa ya yi kaɗan. Riƙewar kuma ga abin da ta jawo.

Ni fa ban raga wa Sabri ba, ba zan yi ƙarya ba. Baki gare ni, kuma na yi amfani da shi.

"Rana ɗaya tak aka ce ka zama mutum! Hannun nan naka ba shi da linzami ne? Ko a makabarta aka miƙo maka sai ka karɓa?"

"Ban san na karɓa ba, Fauziyya."

"Ai shi ne abin kunyar!"

Ba ya ramawa. Yakan goge takalminsa, ya sa farar riga da baƙin wando, ya tafi aiki. Da daddare in ji shi yana juyi. Ran Talata gas ya ƙare mana ana tsakiyar girki, na yi dabara aka kawo wata tukunyar, ban gaya wa kowa ba.

Da Alhamis ta zagayo na ce masa ya ce ba shi da lafiya, ko ya ba wani teburin. Ya ce in ya gudu yau, gudun ba zai ƙare ba. Ya tafi.

Sai washegari da safe ya ba ni labari, na ajiye wake da burodi, shi kuma yana tsaye kamar kullum.

"Ya zo," in ji shi. "Shi kaɗai. Da ya gan ni ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya ce Abu Rihab, zauna mu ci tare. Na ce masa aiki bai yarda ba. Ya ce shi ma bai yi barcin kirki ba tun ranar, ya ce hannunsa ne ya ci amanarsa. Da ƙyar ya taɓa kifin."

"To, da zai tafi fa?"

"Ya ba ni hannu. Babu komai a ciki. Ya haɗa da ɗaya hannun ya riƙe nawa, irin riƙon suruki."

"Alhamdu lillahi! To ai shi kenan, mutumin nan ɗan halak ne."

Sabri ya girgiza kai. Ya kalli hannunsa na dama.

"Yatsuna sun laluba tafinsa, Fauziyya. Sun nema. Kuma ya ji sun nema, don na ga idonsa."

Ban taɓa ganin mijina ya ƙanƙance haka ba. Kunyar ta kama ni kamar ni na yi. Sai a lokacin muka lura Rihab tana tsaye a ƙofar kicin, ban san tun yaushe ba.

Sabri ya gyara murya. "Gara da kika ji. Haka ubanki yake, ba zai canza ba. Umm Rihab, ɗauko takardar nan ki ba ta. Ta kai masallaci, ko ta mayar wa Hazim, ko ta yaga. Saboda ita aka bayar, ita za ta yanke hukunci."

Na tsaya cak. Suka dubi kan firji, babu komai sai kwandon lemo.

"Ina take, Mama?"

Ni da na kwana shida ina zagin hannun mutum. Na ji zafi ya taso mini daga wuya har goshi, kuma ni in kunya ta kama ni faɗa nake yi.

"Gas na saya da ita! Ran Talata. Me kuke so in yi, in dafa muku da numfashina? Waken nan da ke gabanku da ita aka dafa shi. Kuma da irinta aka dafa duk abin da kika taɓa ci a gidan nan. Da irinta aka sayi dutsen gugar da kike goge su!"

Muryata ta karye a ƙarshe, na juya ina goge tukunyar da ba ta da datti.

Sai na ji an ja kujera. Rihab ta zauna, karo na farko tun ranar Fatiha. Ta gutsiri burodi, ta dangwali waken, ta kai baki. Tana taunawa hawaye na sauka, ba ta share ba, ta sake gutsira. Wayarta ta yi ƙara a ɗaki, mun san mai kiran. Ta ce, "In na gama ci zan kira shi."

Sabri ya ga kofinta babu komai. Kafin ya ankara ya riga ya ɗauki butar shayi, hannu ɗaya a baya, ya ranƙwafo a gefenta.

Ta kama hannun nan nasa na dama, ta karɓe butar.

"Zauna, Baba. Ni zan zuba maka."

Ya zauna, har ya jingina. Ta zuba, shayin ya ɗan zube a gefen kofin. Na ga idonsa ya kai wurin, yatsunsa sun motsa suna neman tsumma. Ya danne su a kan cinyarsa, ya ɗauki kofin ya sha.