Gibin da Farfesa Ya Gano

Rabin rayuwarsa Farfesa ya ƙarar a kan wani siririn gibi a cikin hasken tauraro. Idan na'ura ta baje hasken kamar bakan gizo, sai a ga ɗan duhu a wuri guda. Shi ya ce wani abu ne mai yawo tsakanin taurari yake shanye hasken, kuma da wannan magana ya yi suna.

Da hantsi ɗalibarsa ta shigo ofis, ta tsaya a bakin tebur.

"Malam, na jera hotunan hasken tauraron duka. Ranar da iska ke da laima gibin yakan yi zurfi. In ta bushe, sai ya dushe."

"Ke kika jera, ko abokin aikin nan naki mai barci a tsaye?"

"Ni ce, Malam. Na kuma maimaita."

Ashe tururin ruwan da ke cikin iskar saman rufinsu ne yake shanye hasken. Ya zuba wa kwamfutarsa ido yana jiran ransa ya ɓaci. Fushin bai zo ba, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

"Je ki rubuta sabuwar maƙala a kai," in ji shi. "Ki sa sunanki."

"Naku fa?"

"Nawa yana kan ta farkon. Ya isa."

Ta fita. Shayinsa ya riga ya huce, haka ya shanye shi.