Motar Auta Ta Daina Kururuwa

Tun da Auta ya sa aka ɗaura wa tsohuwar motarsa wata na'ura a bayan giyabos, Yaya ya rasa sukuni. Motocinsu iri ɗaya ne, masu canja giya da kansu, tare suka saya. Yanzu ta ƙanen ta sami ƙarin giya ta doguwar tafiya, tasa kuwa tana nan tana kururuwa kamar injin niƙa.

"An yanke maka farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, an rage mata tsawo, wai kai gyara," in ji Yaya. "Za ka yi bayani."

Ranar kai Mama asibiti, aikin da Yaya ya saba yi, Auta ya ce a gwada tasa. Yaya ya zauna a gaba ya kasa kunne, yana fatan jin ƙara ko girgiza. Da suka hau babban titi Auta ya danna maɓalli. Allurar da ke nuna juyin injin ta sauka, injin ya yi laushi, mota na sheƙa gudu shiru. Yaya ya haɗe rai.

Sai ga Mama ta matso daga baya tana hira da autanta, har da dariya. Yaya ya waiwayo.

"Mama, ni duk hirar da nake miki a motata, kai kawai kike gyaɗawa."

"Au, hira kake yi?" ta ce. "Ni da nake ganin bakinka na motsi, na ɗauka addu'a kake Allah Ya kai mu lafiya."