Hoton Rabilu Ba Kala

Munira na tsotsar tawada da sirinji lokacin da Rabilu ya faka babur a ƙofar shagonta na buga hoto da takardu a Gidan Rumji, sanye da baƙin tabarau. Takarar shugaban sandika yake, wato ƙungiyar 'yan kabu-kabu, jibi zaɓe, kuma ya yi alkawari in ya ci ita za ta buga wa mambobi katinsu duka.

Jar tawadar injinta ta toshe tun makon jiya. Ta kwalba ce, ta kasuwar Maraɗi, ba ta kamfani ba. Duk wanda ta buga da kala sai ya fito kore kamar yakuwa.

"Hoton kamfen nike so, mai kala, ya ɗau ido," in ji Rabilu.

"Kala?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "A Yamai manya sun bar kala. Baƙi da fari ake yi yanzu."

Sau ɗaya Rabilu ya taɓa zuwa Yamai, kai akuya.

"Na sani mana. Gwada ki nike."

Ta sa injin ya ja baƙa zalla. Hoton ya fito tsaf, sai dai gefen takardar ya yi zane-zanen tawada. Ta zagaye shi da baƙin layi mai kauri, ta sa sunansa a ƙasa. Rabilu ya ce kada a rubuta komai kuma, manya ba su roƙon ƙuri'a. Ya kwashe ya tafi liƙawa a tasha da bakin kasuwa.

Bayan azahar Safina mai fura ta leƙo, ido jawur.

"Munira, ashe Rabilu lokaci ya yi? Hatsari ne?"

A garin nan, hoto ba kala, zagaye da baƙin layi, na sadakar mamaci ne. Munira ta sani sarai, ita ke buga su. Ta rufe shago ta bi Safina, tana lissafin aikin katin mambobi da ya kuɓuce mata.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan su Rabilu, babura sun cika layi. Tsohuwarsa ta tafi suna Cadakori, ba mai ƙaryatawa, wayarsa kuma a kashe, yana Tibiri neman ƙuri'a. Ɗantala, abokin takararsa, ya miƙe a tsakiyar jama'a yana share ido.

"Wallahi mun yi rashi. Duk sandikar nan ba mai amana kamar Rabilu. Da yana raye ni da kaina sai in janye mishi."

Sai ga ƙarar babur. Rabilu ya sauka, ya cire tabarau, ya dubi tabarmi.

"Wa ya rasu?"

Wasu suka watse da salati. Wani tsoho ya taɓa hannunsa, ya ji mutum ne, ya juya ya ce:

"Ɗantala, mun dai ji ka. Da kunnenmu."

Da la'asar Rabilu ya shigo shagon, ya zauna bai yi sallama ba. Munira ta ci gaba da goge sirinji.

"Kin kashe ni, Munira."

"Allah ya ji ƙanka."

Ya dubi ragowar hoton da ke kan tebur.

"Akwai sauran baƙar tawadar?"

"Kwalba guda."

"To ƙaro. Mutanen Cadakori ba su gani ba tukuna."