Awon Ƙafar Sahura

Duk wani ɗakin shan magani daga Gummi har Bukkuyum ya san aikin Makau. A 'yar rumfarsa ta bayan kasuwa yake ƙera gadajen haihuwa, da sandar rataye ledar ƙarin ruwa, da hantsaki da almakashin ɗinkin rauni, da takalmin ƙarfe na yaran da ƙafarsu ta shanye. Duk abin da ya gama sai ya buga masa ɗan tambarin kifi. Ga shi da tsiyar awo! In aka kawo masa yaro, sai ya durƙusa da tef ya auna gwiwa, ya auna idon sawu, ya sake, har uwar yaron ta gaji ta yi tsaki.

Ƙafa ɗaya ce bai taɓa aunawa ba, ta 'yarsa ta fari, Sahura. Tana goye gubar dalma ta shiga ƙauyensu, Yargalma, ta rayu amma ƙafar hagu ta shanye. Can take wurin kakarta, Inna Fatsuma, mahaifiyar Makau. Makau kuwa irin mutanen nan ne masu kunyar ɗan fari har ta yi yawa: bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In zance ya kama sai ya ce "yarinyar wajen Inna".

Da ta zama budurwa ta fara jin nauyin jan ƙafa cikin mutane, Inna ta aiko a yi mata takalmi. Maimakon ya je ya auna, sai wannan bawan Allah ya ce Inna ta yanko kara daidai tsawon ƙafar. Da karan nan ya yi aiki. Ya zuba ƙarfe mai kyau da fata mai laushi, ya aika a motar kasuwa, yana ganin ya fita.

Bayan damina ya kai gadaje wani ɗakin magani a Anka. Yana cikin ɗaure ƙusa a baranda sai ya ji Malama Rahina, babbar ma'aikaciyar jinya, tana faɗa a ciki. Ta fito da takalmin ƙarfe riƙe da yatsu biyu, fatarsa duk ruwan miki.

"Yawwa Makau, kai ka san aikin ga. Dubi wagga ɓarna! Wane marar tsoron Allah ya ƙera wanga? Ya matse idon sawun yarinya har ya ci nama. Ko jaki ba a yi mai haka. In ya taɓa ƙashi, yanke ƙafar za a yi."

Tun kafin ta juya shi Makau ya gane fatar. Da ta juya kuwa, ga ɗan kifi nan ƙuru-ƙuru. Malama Rahina ta dubi kifin, ta dubi gadon da yake ɗaurewa mai kifi iri ɗaya, ta sauke takalmin ta bar faɗan. Wallahi da ta ci gaba da zagin da ya fi masa sauƙi. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ɗiyar wa ta?" ya tambaya, alhali ya riga ya hango zanen Inna ta ƙofa.

Ya shiga. Sahura na kan gado, ta ja mayafi ta rufe fuska da ta gan shi. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Malama Rahina ta wanke mikin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ƙashi bai taɓu ba tukuna, amma saura kaɗan.

"Ke kuma," ta ce da yarinyar, "mi ya hana ki cire shi tun da ya fara cizonki? Ba ki da baki?"

Sahura ta sunkuyar da kai. Can ta ce daga cikin mayafi, "Baba ya yi min shi. In na ce ya matse, sai a ce aikinai bai yi kyau ba." Ta ƙara jan mayafin. "Kuma takalmin ga kaɗai ya taɓa aiko min."

Kunya ta kama Makau irin wadda bai taɓa ji ba. Ita kuwa waccan kunyar da ya yi shekaru yana taƙama da ita, sai ya ga ba ta tsinana wa kowa komai ba sai wannan rami a ƙafar yarinya. Ya laluba aljihu, tef ɗinsa na nan inda yake kullum. Ya durƙusa a gaban gadon, gaban mahaifiyarsa da ma'aikatan da suka taru a ƙofa.

"Ba yau za a sa mata wani ba, sai ya warke," in ji Malama Rahina.

"Na sani. Mai lafiyar zan fara aunawa."

Ya buɗe baki, sunan ya maƙale. Ya sake gwadawa.

"Sahura. Miƙo ƙafar in gani."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta sauke mayafin a hankali tana duban ɗakin, tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta da wannan muryar ba.