Baba Zai Mutu

"Kawu, zo ka riƙe shi, ya sake miƙewa!"

'Yar Marini ce ta leƙo ta kan katanga. Na tsallaka ba ko takalmi, na tarar da mahaifinta a bakin ƙofar ɗaki, zani na zamewa, yana laluben bango. Mutumin da ya yi wata bai iya ɗaga kofi ba. Na cafe shi da hannu ɗaya. Hannun nan da kuke gani ƙirgin bijimi yake ɗagawa jiƙe.

"Sake ni, mai wari," in ji shi. "Baba zai mutu."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Tun safe abin da yake faɗa ke nan."

"Ke, rufe mana baki! Ba kansa yake nufi ba."

Baban rini yake nufi. Ramin shuni in ba a motsa shi da muciya kullum ba, sai ya mutu, ya daina kama zane. Yaran yanzu ina za su sani?

Bayan gidajenmu, inda ake wankin motoci yau, majema ce a sama, marina a ƙasa, magudana ɗaya. Ni majemi, shi marini. Tun muna samari yake cewa ruwan fatuna ke kashe masa rami, ni ina cewa ragwancinsa ne. Aka zo aka cike ramukan da ɓaraguzai, aka zuba siminti. Mutanen wurin tari ya kwashe wasu, baƙin ciki ya kwashe wasu. Ni ko allura ba a taɓa yi mini ba.

Na kwantar da shi, ya yunƙuro. Na sake, ya sake. Ƙafafunsa sai shure tabarma suke yi.

"Kwanta, ni zan je in motsa maka."

"Kai? Ka san kan muciya da gindinta?"

"Abin da ka iya har ni zai gagara?"

"To ka ɗanɗana. In bai ciji harshe ba, ka ƙara toka."

Na fita. Har wurin na je, ban san dalili ba. Na tsaya daidai inda raminsa yake, ƙarƙashin wata farar mota, kumfa na gangarowa kan yatsuna. Na juyo, na kewaya tsakar gida, na rasa abin yi. Sai na hangi ƙullin bular wanki a gefen baho. Na kwance na lasa. Na ƙara lasa.

"Na motsa," na ce masa. "Yana nan da ransa, har kumfa yake."

"Buɗe baki."

Na zaro harshe. Ya jawo gemuna kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ƙirjinsa ya fara rawa. Na ɗauka tarin ne, ashe dariya ce.

"Bula ce wannan, majemin banza. Shunina bai taɓa yin haske haka ba."

"Idonka ne ya lalace."

"An cike ramin, ko?"

Na mayar da harshena.

"Da siminti," ya ce. Ya saki gemuna. "To babu abin motsawa ke nan."

Ya juya ya ce wa 'yarsa ta gyara masa matashi. Ƙafafun suka daina shure-shure. Kafin la'asar ya cika, hannunsa cikin nata.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Duk wanda ya zo, wurina yake durƙusawa, don ni kaɗai na rage.

"Tsoho, yau ba labari? Allah ya jiƙansa."

Na gyaɗa kai kawai, bakina a rufe, har yanzu da bula a harshena. Daga bayan katanga ana jin ruwa na zuba a kan siminti.